Maurice André, ɗan ramin kwal da ya sa tarampet waƙa

Tambaya: Baba, shekarata 19, ina aikin walda a Zango nan Zinder. Da yamma ina busa tarampet a fanfar, wato ƙungiyar mabusa, ta matasan unguwarmu, wata 8 ke nan da farawa. Wani tsohon soja ya ji ina ta kokawa da muryoyin sama, sai ya ce in je in saurari Maurice André. Na saurare shi a waya, jikina ya mutu. Wane ne shi, me ya koyar, kuma wanda ya fara da girma irina, ba makaranta ba solfej, wato karatun rubutun kiɗa, akwai abin da zai ɗauka a wurinsa?

Amsa: Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Tsohon sojan nan ka koma ka gaishe shi da kyau, don ya ɗora ka a hanya. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina busa a fanfar, kusan rabinsu ina koyar da sababbin shiga, kuma mutuwar jikin da ka ji ni ma na ji ta, ran da wani abokin aiki ya dawo daga horo da kaset ɗin mutumin nan a aljihu. Mun zauna mu biyar muka kewaye rediyo, ba wanda ya ce uffan har fuskar kaset ta ƙare. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne ba ma jin wahala a busarsa. Mu a lokacin, in mutum ya hau sama, sai ka ji jijiyar wuyansa a cikin sautin. Shi kuwa kamar mace tana rarrashin jariri.

An haife shi ran 21 ga Mayu 1933 a Ales, wani garin masu haƙar kwal a kudancin Faransa. Ubansa mahaƙin kwal ne, yana kuma busa a ƙungiyar mabusan garin, irin taku ta unguwa, ta mutanen da sai sun tashi daga aiki suke ɗaukar ƙaho. Shi ya fara miƙa wa yaron kornet, ƙanwar tarampet mai gajeren jiki da taushin murya. Yana ɗan shekara 14 ya shiga rami kamar ubansa, bai fito ba sai yana 18. Duk wanda ya taɓa zuwa Anu Araren wajen Cirozerin ya ga masu aikin kwal ya san irin gajiyar da ake komawa gida da ita. To a cikin wannan gajiyar yake wanke hannu ya ɗauki ƙaho. Wannan nake so ka fara riƙewa, tunda ka ce walda kake yi: a shekarun da aka gina masa busa, shi ma lebura ne.

Akwai wani mutum a labarinsa da ba a cika ambata ba, ni kuwa shi na fi daraja. Sunansa Léon Barthélémy, abokin ubansa ne, shi ya koyar da shi a can garinsu. Barthélémy bai yi suna ba, amma ya yi karatu a hannun Merri Franquin, wanda ya riƙe ajin tarampet a babbar makarantar kiɗa ta Faris daga 1894 zuwa 1925. Franquin kuwa almajirin Jean-Baptiste Arban ne, mai littafin koyon busa da ya fito a 1864, wanda har gobe in ka buɗe jakar mabushin tarampet a kowace ƙasa da wuya ka rasa shi ko wasu shafukansa. Ka ga silsila ke nan, kamar yadda malamanmu na zaure suke cewa wane ya ɗauka daga wane. Ilimin Arban ya bi ta hannu biyu ya sauka a ƙauyen masu kwal, wurin yaron da ba shi da kuɗin motar zuwa Faris. Da Barthélémy ya ce shi ya fi ƙarfin koyar da ɗan lebura, da ni da kai ba mu taɓa jin wannan suna ba. Duk ran da na ji nauyin tashi in koyar da yara uku a ƙarƙashin bedi, da ƙaho ɗaya da suke karɓa-karɓa, shi nake tunawa.

Barthélémy ne ya ga yaron ya wuce abin da garin zai iya ba shi, ya matsa a kai shi Faris. Kuɗi babu, sai aka bi ta hanyar da talakawa da yawa suka bi, har mu a nan: ya shiga ƙungiyar mabusan soja, ta haka ya samu ci da kwana da damar shiga makarantar a 1951. Malaminsa a can Raymond Sabarich ne, mutum mai tsanani. Ana ba da labarin cewa a farkon zuwansa Sabarich ya fusata da shi har ya kai masa hannu ya kore shi, sai yaron ya ɓace na ƴan makonni, ya dawo ya busa manyan darussa 14 na ƙarshen littafin Arban ba kuskure. Masu ba da labarin sukan yaba wa dukan. Ni ban yarda ba. Malamin da na fara a hannunsa yakan riƙe tsumagiya, kana kuskure tana sauka a bayanka, kuma abin da ta koya mana shi ne ɗaure wuya da riƙe numfashi don tsoro, abu biyun da suka fi kashe busa. Na yi shekaru ina kwance wannan ƙullin. Abin da ya dawo da André gaban malaminsa da darussa 14 a ka shi ne tushen da ya zo da shi daga gida da kuma naci irin na wanda ya san in ya faɗi rami zai koma.

Ya ɗauki lambar farko ta kornet a 1952, ta tarampet a 1953. A 1955 ya ci gasar duniya ta Janeba a ƙasar Suwis. Amma suna bai zo nan take ba. Ya yi shekaru yana zaune a sahun mabusa na manyan ƙungiyoyin kiɗa na Faris, har da ta gidan rediyon ƙasar, yana kuma busa a kiɗan fim da na rawa, duk inda abinci yake. Sai 1963, yana da shekara 30, ya ci gasar Munik a Jamus, wadda aka ce da farko alƙalanci aka gayyace shi ya yi, ya zaɓi ya shiga a matsayin ɗan takara. Daga nan ƙofofi suka buɗe. Ya naɗi faifai sama da 300 a rayuwarsa, ya zagaya duniya, ya rasu a garin Bayon na Faransa ran 25 ga Fabrairu 2012 yana da shekara 78.

Yanzu bari in zo kan abin da ya kashe maka jiki, wato muryoyin saman nan. Akwai abin da ba a gaya maka ba, kuma sai ka fahimci yadda ƙaho ke aiki kafin ka gane shi.

Ka je ƙofar fadar Sarkin Damagaram a Birni ran hawan Salla ka tsaya kusa da masu kakaki. Kakaki bututu ne miƙaƙƙe, ba rami ba fistan, wato maɓallan da ake dannawa da yatsa a jikin tarampet. Leɓen mabushi ne ke karkarwa a bakinsa, iskar da ke cikin bututun ta amsa. Bututu mai tsawo ɗaya yana da muryoyin da ya yarda ya bayar, ƙididdigaggu, kamar matakalar da aka cire wa wasu matakai: a ƙasa tazararsu da faɗi, kana hawa suna matsowa kusa da juna. Shi ya sa kakaki yake magana da murya biyu, kilaron, ƙahon soja marar fistan, kuma da huɗu ko biyar. Tarampet ta zamanin da a Turai ita ma haka take, ba fistan, saboda haka in ana so ta yi waƙa sosai dole mabushi ya hau can ƙololuwa inda matakan suke a jere. Irin wannan kiɗan Bach, mawallafin kiɗa Bajamushe, ya rubuta a na biyu cikin kiɗe-kiɗensa na Brandenburg, na 1721, wanda ya daɗe yana firgita mabusa. Fistan bai zo ba sai wajen 1815 a Jamus, irin wanda ke jikin ƙahonka kuma wani Bafaranshe, Périnet, ya ƙera shi wajen 1839. Kowane fistan ka danna, ƙarin bututu ka buɗe wa iska: na tsakiya ya sauke murya rabin mataki, na farko mataki guda, na uku mataki da rabi. Da haɗa su kake samun tsawo bakwai a ƙaho ɗaya, su ne suke cike matakan da suka ɓace.

Ƙahon da ke hannunka, in aka warware shi, ya kusa mita ɗaya da rabi. Wanda ka ji André yana busawa a yawancin waɗannan muryoyi na sama wani ne daban, ƙarami, ana ce masa fikolo, tsawon bututunsa rabin naka. André ne ya yi aiki da kamfanin Selmer suka gyara shi, mai fistan huɗu, kuma shi ya fito da shi duniya ta san shi. Kada ka ɗauka fikolo yana ba da muryar sama kyauta, leɓe ne dai yake yin aikin. Abin da yake yi shi ne ya buɗe tazarar matakan a can sama, ƙafa ta daina zamewa daga wannan zuwa wancan. Saboda haka in kana gwada abin da ka ji a waya da babbar tarampet, kana wata takwas da farawa, kana neman hawa rimi ne da takalmin fata. Ka bari.

Da wannan ƙaramin ƙaho ya yi abin da ya canza matsayin tarampet gaba ɗaya. Kafin shi, a kiɗan Turawa, tarampet ta fi zama abar shela, a kira ta lokacin yaƙi ko shigowar sarki, kamar dai kakakinmu, sai ta koma ta yi shiru. Kiɗan da aka rubuta mata ita kaɗai bai da yawa. André ya ɗebo waƙoƙin da tsofaffin mawallafan Italiya da Jamus, irin su Albinoni da Tartini da Telemann, suka rubuta wa goge da sarewa da algaitar Turawa, ya mayar da su bakin tarampet. Wasu masana sun yi ƙorafi cewa ya taɓa abin da ba nasa ba. Jama'a kuwa suka cika ɗakunan kiɗa da majami'u suna sauraro, yara da yawa suka ce wa iyayensu ƙaho suke so.

Da Sabarich ya rasu, shi ya gaji kujerarsa a makarantar Faris, daga 1967 zuwa 1978. Shekara 11 kawai, amma ajin nan ya fitar da mutanen da suka riƙe busar Faransa bayansa, irin su Bernard Soustrot da Thierry Caens da Éric Aubier, wanda ya shiga ajin yana ɗan shekara 14. Su ma suka koyar, almajiransu suka koyar. Tun 1979 aka kafa gasar tarampet ta duniya da sunansa a Faris. A gidansa ma abin ya bi jini, ɗansa Nicolas mabushin tarampet ne, ƴarsa Béatrice tana busa algaitar Turawa, sun sha hawa dandamali tare da shi.

To me ya koyar? In ka saurari shi da almajiransa a jere za ka ji abu ɗaya yana bin su duka: kowace murya tana farawa da tsabta, ba tari ba gurnani, tana da kauri ko a sama take, kuma jimla tana tafiya kamar mai magana ya san inda zai tsaya ya numfasa. Abin da na fahimta a shekarun da na yi ina bin faifansa shi ne, a wurinsa ƙaho maƙogwaro ne na biyu. Sai waƙar ta zauna a kunnenka, ka iya rera ta da bakinka, sannan ƙarfe zai fitar da ita. Leɓe ba ya jin umarnin "matse" ko "saki" yadda ya kamata, amma yana bin muryar da ke cikin kai, kamar yadda ba ka lissafa yadda za ka murɗa harshe kafin ka kira sunan mahaifiyarka.

Kuma a nan ne nake ganin ɗan Damagaram yana da jari da bai san yana da shi ba. Harshenmu na hawa da sauka ne. Mai kakaki da mai algaita ba sauti kawai suke fitarwa ba, kirari suke yi, kuma tsohuwar da ke bakin hanya tana jin kalmomin sarai, ta san wa ake kira. Mai algaitar fada bai taɓa ganin solfej ba, amma ba ya busa abin da ba shi da ma'ana, domin tun yana goye yake jin ubansa, maganar ta riga hannu shiga. Abin da André ya sha wahalar cusa wa almajiransa a Faris, a sa ƙaho ya yi magana, kai a cikinsa ka tashi. Abin takaici, yaranmu suna shiga fanfar sai su ajiye wannan kunnen a ƙofa, su ɗauka busar Bature ƙara ce da tsayuwa ƙyam. Na sha tsayar da yaro in ce ya rera min abin da yake son busawa, sai ya kasa, alhali yatsunsa sun haddace fistan. Wannan yaron latsawa yake yi, bai fara busa ba tukuna. Abu ɗaya dai kada ka kwaso daga mai algaita: kumbura kumatu. Shi yana tara iska a kunci don ya shaƙi wata ta hanci sauti bai yanke ba, kayansa ya yarda da haka. A tarampet gefen baki ne yake riƙe leɓe, in kumatu suka kumbura riƙon ya tafi.

Zan gaya maka abin da son hawa sama ya yi min, don kada ka maimaita. Ina da shekara ashirin da ƴan kai, muna shirin wani fareti, na ƙudura sai na fi kowa sama. Dabarar da na sani ita ce danna ambushir, ɗan kofin ƙarfen da ake ɗorawa a baki, a leɓe da ƙarfin hannu. Yana aiki na ɗan lokaci, shi ne mugun abin. Ran faretin, tun ba mu yi nisa ba leɓena na sama ya fashe daga ciki, jini ya cika kofin, sauti ya ɗauke ɗif. Wata uku ban busa ba, kuma har yau akwai tabo da nake ji da harshe. Leɓe nama ne mai laushi tsakanin haƙori da ƙarfe, in ka matse shi jini ba ya zagayawa, ya kumbura, ya daina karkarwa, kai kuma ka ƙara dannawa. Muryar sama daga saurin iska take zuwa, da ɗaga bayan harshe kamar mai cewa "iii", da ƙarfin gefen baki wanda ba ya samuwa sai da watanni. In ka sauke ƙaho ka ga zobe ja ya nutse a leɓenka ya daɗe bai baje ba, ka danna da yawa.

Ga yadda zan so ka yi, da aikinka na walda da komai. Minti 20 sau biyu ko sau uku a rana ya fi awa biyu a zama ɗaya, kuma duk tsawon da ka busa ka huta kamarsa. Ka fara da dogayen muryoyi a tsakiya, daga sol zuwa do, a hankali, marar ƙara, kana sauraron farkon kowace da ƙarshenta. Busa a hankali ta fi busa da ƙarfi wuya, ita ce kuma take gina leɓe. Daga nan ka riƙa zamewa tsakanin murya biyu ba tare da canza fistan ba, kamar mai kakaki. Sai harshe, "tu tu tu", mai taushi. A ƙarshe ka ɗauki waƙar da ka sani tun kana yaro, ko ta gaɗa ce da ƴan'uwanka mata suke yi a dandali, ka rera ta, ka neme ta a ƙaho da kunne. Kullum ka ƙare da waƙa. Numfashi kuwa ka shaƙe shi kamar mai hamma, kafaɗu a sake, ciki da haƙarƙari su buɗe. In maƙwabta sun dame ka, ko kai ka dame su, duwatsun bayan Birni suna nan, can muka yi namu. Hayaƙin walda kuma ka kiyaye shi, ka rufe hanci, ka yi aiki inda iska ke wucewa, don huhun nan shi ne rabin ƙahonka.

Garinmu yana da nasa sharuɗɗa da littafin Arban bai san da su ba. Da hunturu ƙura tana shiga fistan ta ci shi kamar yashi a injin, saboda haka ka goge, ka sa mansa na ainihi mai ruwa-ruwa. Kada ka kuskura ka sa man gyaɗa ko baƙin mai, na ga ƙahoni masu kyau da suka mutu ta haka. Duk wata ka wanke cikinsa da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu. Leɓe in ya fara tsagewa, man kaɗanya da dare, ka goge kafin ka busa. Da bazara ƙaho yana ɗaukar zafi muryarsa ta hau, sai ka ɗan jawo babban bututun saiti waje, in ba haka ba kai da sauran ba za ku haɗu ba. Da azumi ka mayar da aikinka bayan buɗa-baki, busasshen leɓe ba ya karkarwa da kyau.

Batun solfej, ka koye shi, kada ka ji tsoronsa. Bai kai haddar allo wuya ba, wata uku na naci ya isa ka fara karanta abin fanfar. Amfaninsa shi ne ya buɗe maka littafin Arban, wanda ya tsufa har ya zama na kowa, ana samunsa kyauta a intanet, ka sa a buga maka shafukan farko talatin, su kaɗai za su ɗauke ka shekara. A Yamai akwai cibiyar koyon kiɗa ta Alhaji Taya, in Allah ya kai ka ka leƙa. Amma kafin nan, malaminka yana kusa: tsohon sojan da ya ji ka daga nesa ya gane ciwonka yana da kunnen koyarwa. Ka sayi goro ka je ka roƙe shi ya riƙa sauraronka ko sau ɗaya a mako. Waya tana nuna maka André, amma ba ta jin ka, ba za ta ce maka ka sauke kafaɗa ba.

Shekarunka kuma ba su hana komai ba. Tarampet dama ba a fara ta da ƙuruciya sosai, sai haƙoran girma sun zauna, kuma yawancin waɗanda na koyar sun fara ne suna 18 zuwa 20, wasunsu sun zama mabusan da nake alfahari da su. Ba zan ce maka za ka ci gasar Munik ba, waɗancan tun suna yara suke ciki dare da rana. Amma mabushin da in ya ɗaga ƙaho a biki mutane za su bar hira su juyo, wanda kuma wata rana zai zaunar da yaran Zango ya koya musu daidai, wannan yana hannunka cikin shekara huɗu ko biyar in ka riƙe.

Ka koma wayar, amma wannan karon ka bar masu gudu da hawa. Ka nemi inda André ya busa kiɗan da Haydn ya rubuta wa tarampet a 1796, ka tsallake kashi na farko, ka tsaya a na biyu, mai tafiyar hawainiya. Kwana uku ka saurare shi ba tare da ka taɓa ƙaho ba, ka lura da inda yake numfasawa da yadda yake ajiye ƙarshen kowace jimla. Ran na huɗu ka rera jimlar farko da bakinka kana hanyar zuwa gareji, har ta zauna. Sannan ka neme ta a fistan, a hankali, ka kai wa tsohon sojan ya ji.